Daga gina shafukan intanet zuwa manhajar waya: React Native zan kama ko Flutter?

Sadiq_Fagge
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Sana'ata ita ce gina shafukan intanet, kuma mafi yawan aikina da React, wato kayan aikin gina fuskar shafi, da harshen TypeScript nake yin sa. Akwai wani ɗan kasuwa mai rarraba kayan masarufi ga masu shaguna, wanda na gina wa shafin karɓar oda, yanzu kuma yana son manhajar waya da yaransa za su riƙa shiga kasuwannin ƙauye da ita, su rubuta oda, su ɗauki hoton rasit, su kuma ga bashin da ake bin kowane mai shago. Ya ce yana son ta yi aiki a Android da iPhone, kuma ni kaɗai zan yi aikin. Wanne ya fi dacewa in kama tsakanin React Native da Flutter, wato tsarukan nan biyu da ke ba mutum damar gina manhajar Android da iPhone da kod ɗaya? Kuma daga cikin abin da na sani, me zai amfane ni a can, me zan koya sabo?

Injiniya_Bashir
Wa alaikumus salam, Malam Sadiq. Tunda React ce a hannunka, ni ban ga dalilin da zai sa ka yi nisa ba. Kamfanin Facebook ya fitar da React Native a 2015 saboda mutane irinka, kuma yadda kake rarraba shafi gida-gida, da useState da useEffect, da yadda kake ɗauko bayanai daga sabar, duk za su bi ka yadda suke. Abin da ba zai bi ka ba shi ne HTML da CSS kamar yadda ka san su. Babu div, sai View, kuma duk wani rubutu dole ya zauna cikin Text, in ka bar shi a fili manhajar za ta ƙi. Salon da ka sa wa uwa ba ya gangarowa kan 'ya'ya kamar a burauza, sannan flexbox ɗin can yana jera abubuwa ne daga sama zuwa ƙasa in ba ka ce masa komai ba, saɓanin burauza da ke jera su gefe da gefe. Ka fara da Expo, wato kayan aikin da ke sauƙaƙa gina manhaja da React Native, domin da manhajar Expo Go za ka ga aikinka a wayarka tun ranar farko ba tare da ka girka Android Studio ba.

Maryam_Kd
Ina girmama ra'ayin Injiniya, amma ina so Malam Sadiq ya ji ɗaya ɓangaren. Ni ma daga gina shafuka na fito, kuma Flutter na kama. Tsoron da ake ba mutane game da harshen Dart, wanda da shi ake rubuta manhajar Flutter, ya fi ƙarfin gaskiyar lamarin, domin wanda ya iya TypeScript zai karanta Dart ya gane ta tun kafin ya buɗe littafin koyonta: async da await suna nan, nau'o'in bayanai suna nan, kuma tun daga Dart 3 da ta fito a 2023 ba za ta bar ka ka yi amfani da abin da zai iya zama fanko ba sai ka duba shi tukuna. Babban bambancin shi ne Flutter ba ta aron maɓallai da akwatunan rubutu na wayar, da kanta take zana duk abin da ke kan allon da injinta, wanda a da Skia ne, yanzu kuma Impeller. Saboda haka abin da ka gani a wayarka shi yaron mai kaya zai gani a tasa, ko da tasa tsohuwa ce. Abin da ya fi ɗaukar lokacina shi ne tsarin shimfiɗa: uwa ce ke gaya wa ɗa iyakar filin da zai iya ci, ɗa ya zaɓi girmansa a cikin wannan iyaka, sannan uwa ta ajiye shi inda take so. Kafin mutum ya saba da wannan zai sha ganin layin nan mai ratsin rawaya da baƙi da ke nuna abu ya fi ƙarfin wurinsa.

Auwal_PHP
Ni tambayata ita ce, me ya sa sai an sake gini daga tushe? Shafin yana nan yana aiki. A naɗe shi da Capacitor na kamfanin Ionic, ya zama manhaja, a samu kyamara da ma'ajiyar waya, a gama cikin ɗan lokaci. Ko ma a mayar da shi PWA, wato shafin da ke aiki kamar manhaja, yaran su ajiye shi a fuskar wayarsu daga Chrome.

Injiniya_Bashir
Malam Auwal, shawararka tana da gurbi, sai dai akwai abu biyu. Na farko, ƙa'idar Apple mai lamba 4.2 ta ce manhaja ta zama ta wuce shafin intanet da aka naɗe kawai, kuma suna mayar da irin waɗannan. Na biyu, Capacitor a cikin burauzar da ke cikin wayar yake gudanar da shafin, don haka dogon jerin kaya mai hotuna zai fi yin nauyi a ƙaramar waya.

Auwal_PHP
Na yarda da batun nauyi in jerin ya yi tsawo, amma manhajar da ke ɗaukar hoto, tana ajiye oda ba tare da intanet ba, ai ta riga ta wuce shafin da aka naɗe. Ban ga za a mayar da ita a kan wannan ƙa'idar ba.

Malam_Nura_Zariya
Na karanta abin da kowa ya faɗa, kuma ina ganin an yi gaba an bar wata kalma a baya cikin tambayar Sadiq, wato kasuwannin ƙauye. Sadiq, ƙanina, ko wanne ka ɗauka cikin biyun nan zai zana maka maɓalli da jerin kaya. Inda za ka sha wuya shi ne abin da ka saba ɗauka a matsayin tabbas a burauza alhali a waya ba tabbas ba ne. A shafin intanet, bayanai suna zaune a sabar, shafin kuma leƙa su kawai yake yi, in sabis ya ɗauke sai mutum ya sake lodawa. Yaron da ke tsaye gaban mai shago ranar kasuwa ba zai ce masa ya jira sabis ya dawo ba. Dole odar ta fara shiga rumbun bayanai na cikin wayar, wanda galibi SQLite ne, ta hau layi, sannan a tura ta duk lokacin da aka samu hanya.

Daga nan ne tambayoyi masu wuya ke fitowa. Wayar ta tura oda, sabar ta karɓa, amma sabis ya yanke kafin amsa ta dawo, sai wayar ta ɗauka ba ta je ba ta sake turawa. In sabar ce ke ba oda lamba, ka rubuta wa mai shago bashi sau biyu ke nan. Maganin shi ne wayar ta ƙirƙiri lambar shaida ta UUID, wadda ba ta cin karo da ta wata waya, ga kowace oda tun lokacin rubuta ta, sabar kuma ta yi watsi da duk lambar da ta taɓa gani. Haka kuma kada ka bar waya ta aika jimillar bashi, domin yara biyu za su iya karɓar kuɗi daga mutum ɗaya a rana ɗaya, kowa ya aiko da tasa jimillar, ta ƙarshe ta shafe ta farko. Abin da za ta aika shi ne abin da ya faru, an karɓi kaza, an ba da kayan kaza, sabar ta yi lissafi. Wannan shi ne tsarin littafin bashi da 'yan kasuwarmu suka daɗe suna yi, ba a goge layin jiya, sabon layi ake ƙarawa a ƙasa. Kuma ka ajiye kuɗi a matsayin kobo cikakke, kada ka yi amfani da lamba mai ɗigo.

Duk wannan babu ruwansa da Dart ko TypeScript. Don aiki da rumbun bayanai na waya, a Flutter akwai drift da sqflite, a React Native akwai expo-sqlite da WatermelonDB, amma tunanin kai za ka yi shi.

Sadiq_Fagge
Allah ya saka da alheri, Malam Nura. Gaskiya batun turawa sau biyu ya shafe ni kai tsaye, domin a shafin da ke aiki yanzu sabar ce ke ba da lambar oda. Ke nan sai na taɓa ɓangaren sabar kafin ma in fara manhajar. Ƙarin bayani ga masu ba ni shawara: na tambaya, yaran duk Tecno da itel da Infinix suke riƙewa, mai kayan ne da ɗansa ke da iPhone, kuma su rahoto kawai suke dubawa.

Hauwa_Dev
To wannan bayanin ya sauya lissafi, Malam Sadiq. In rahoto kawai suke dubawa, shafin da ka riga ka gina ya ishe su a Safari, kuma ka huta da dala 99 da Apple ke karɓa duk shekara, da neman kwamfutar Mac ko biyan masu haɗa manhajar iPhone ta intanet irin su EAS Build da Codemagic. Google Play dala 25 ce sau ɗaya. Amma ka sani cewa asusun mutum ɗaya da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamban 2023 ba ya iya sakin manhaja ga jama'a sai an yi gwajin sirri na kwana 14 a jere. Da farko masu gwaji 20 ake nema, daga baya aka rage zuwa 12. Asusun kamfani bai shiga wannan sharaɗin ba, sai dai yana buƙatar lambar shaidar kasuwanci da ake kira D-U-N-S. Ina ba ka shawara a buɗe asusun da sunan kasuwancin mai kayan, domin manhajar tasa ce, kuma in wata rana kuka rabu ba za a yi rigima a kan wa ke riƙe da ita ba.

Kabiru_Kotlin
Tunda Android ce kaɗai ta rage, me ya hana a rubuta ta da harshen Kotlin da Jetpack Compose, wato kayan aikin zana allon Android, kai tsaye? Compose ma tunaninta irin na React ne, bayanai su sauya, allo ya sake zana kansa. Duk wani sabon abu da Android ta fitar za ka same shi ranar da ya fito ba tare da jiran wani ya rubuta maka mahaɗi ba. In kuma an buƙaci iPhone nan gaba, Kotlin Multiplatform, wadda ke ba da damar amfani da kod ɗin Kotlin a iPhone ma, ta kai matsayin tabbatacciya tun Nuwamban 2023.

Injiniya_Bashir
Malam Kabiru, maganarka daidai ce ga wanda zai mayar da Android sana'arsa. Amma Sadiq mutum ɗaya ne da zai ci gaba da kula da shafi da sabar da manhaja a lokaci guda. In duka ukun da TypeScript suke, ƙa'idojin tantance oda da lissafin farashi da nau'o'in bayanai sau ɗaya zai rubuta su. In ya ƙara harshe na biyu, duk gyaran farashi sai ya yi shi a wuri biyu, kuma ranar da ya manta ɗaya, rasit da rahoto za su saɓa.

Maryam_Kd
Wannan hujjar tana da ƙarfi, Injiniya, na karɓe ta. Amma a kan irin wayoyin da Malam Sadiq ya ambata ina nan a kan bakata. Dart ana juya ta ne zuwa harshen na'ura tun kafin a saki manhajar, ita kuwa React Native dole duk abin da za ta yi ya ratsa gada tsakanin JavaScript da wayar, kuma a nan ne jerin kaya ke fara sarƙewa a waya mai RAM giga biyu.

Yusuf_RN
Malama Maryam, a yi mini afuwa, wannan bayanin na tsohon tsari ne. Gadar da kike nufi, wadda ke tattara saƙonni ta mayar da su JSON kafin su tsallaka, an maye gurbinta da JSI, wanda ke haɗa JavaScript da wayar kai tsaye, kuma sabon tsarin ya zama shi ne na asali tun fitowar React Native 0.76 a Oktoban 2024. Injin Hermes kuma, wanda ya zama na asali tun 0.70, yana juya JavaScript zuwa ƙaramin tsari tun lokacin haɗa manhajar domin ta yi saurin buɗewa a ƙananan wayoyi. Sarƙewar da na fi gani a aikin waɗanda suka fito daga gina shafuka daga ɗabi'ar burauza take zuwa: mutum ya ɗauki kaya dubu ya zuba su duka da map a cikin ScrollView. Waya ba za ta ɗauki wannan ba. FlatList ko FlashList ta Shopify suna zana abin da ke kusa da idon mutum ne kawai. A Flutter ma in ka bar ListView.builder ka zuba komai a Column, abin da zai faru ke nan.

Maryam_Kd
Na gode da gyaran, Malam Yusuf. Sai dai har yanzu akwai tsofaffin ƙunshin kod da masu su ba su mayar da su sabon tsarin ba, don haka Malam Sadiq ya duba kowane ɗaya kafin ya dogara da shi, musamman in za a haɗa da ƙaramar firintar rasit ta Bluetooth, wadda na tabbata mai kayan zai nema nan gaba.

Malam_Nura_Zariya
Tunda an zo kan ƙananan wayoyi, bari in ƙara abu ɗaya game da hoton rasit. Idan manhajarka ta buɗe kyamarar waya, ita ta koma baya ke nan, kuma Android tana da ikon kashe duk manhajar da ke baya in wuri ya yi mata kaɗan. Yaro zai cika oda mai layi ashirin, ya ɗauki hoto, ya dawo ya tarar manhajar ta tashi daga farko. A wayarka ta gwaji mai babban RAM ba za ka taɓa ganin wannan ba. Masu tsarukan biyu sun san da matsalar, shi ya sa image_picker ta Flutter ke da retrieveLostData, ta Expo kuma ke da getPendingResultAsync. Ka riƙa adana odar da ba a kammala ba a rumbun waya bayan kowane layi, kuma ka shiga saitin masu gina manhaja na Android ka kunna zaɓin da ke rufe kowane shafi da zarar an bar shi, domin ka gwada wannan yanayin da gangan. Ka kuma rage girman hoton kafin turawa, saboda datar yaran ce za ta tafi.

Aliyu_Sakkwato
Ni damuwata ta daban ce. Wanne ne cikinsu zai rayu? An yi wasu tsarukan irinsu a baya: Adobe ta rufe PhoneGap a 2020, Microsoft ta daina tallafa wa Xamarin a Mayun 2024 ta ce a koma .NET MAUI, Airbnb kuma ta bar React Native tun 2018. Mutum zai zuba ƙarfinsa a abu, kamfani ya wayi gari ya juya masa baya.

Yusuf_RN
Airbnb ta bayyana dalilanta a lokacin, kuma babba daga ciki shi ne sun cusa React Native ne a cikin manyan manhajoji biyu da suka riga suka ginu, sai suka koma kula da tsari uku maimakon biyu. Wannan ba halin Sadiq ba ne. Bayan su, Shopify ta sanar a 2020 cewa ta koma React Native, Microsoft kuma ita ke kula da reshen React Native na Windows da macOS.

Maryam_Kd
Flutter ma tun fitowarta ta 1.0 a Disambar 2018 ba ta tsaya ba, kuma Google Pay da manhajar My BMW da ta bankin Nubank na Brazil duk da ita aka gina su. Babu wanda zai ba ka tabbacin shekara goma, Malam Aliyu, amma duka biyun kod ɗinsu a buɗe yake, kuma kamfanonin da suka dogara da su suna da yawa.

Issoufou_Maradi
Gaisuwa ga kowa. Ina so in ja hankali kan rubutun Hausa, tunda masu amfani da manhajar za su fi son ta da harshensu. Yawancin kyawawan nau'o'in rubutu da ake saukewa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai wayar ta aro harafin daga wani nau'in, kalma ta fito da harafi ɗaya da bai yi kama da sauran ba. Noto Sans tana da su duka. Mu a Nijar muna rubuta ƴ inda ku kuke rubuta 'y, don haka ita ma a gwada ta. Sannan a wurin neman suna, a sa wanda ya rubuta Dan ya samu Ɗan, domin ba kowa ke da haruffan a allon rubutunsa ba. Lokacin da na yi wani aiki da Flutter, fassarar da ke zuwa da ita ta maɓallai da kalanda tana da Swahili da Zulu amma babu Hausa, sai da na rubuta tawa.

Hauwa_Dev
Akwai wani sabo da zai zo wa Malam Sadiq wanda ba a ambata ba. A shafi, in ka gyara kuskure da rana, kowa ya samu gyaran da ya sake buɗewa. A waya kuwa tsohuwar manhaja tana iya zama a hannun yaro wata da watanni saboda ya kashe sabuntawa don tattalin data. Saboda haka sabar ɗinka dole ta ci gaba da fahimtar tsohon tsari, kuma tun fitowar farko ka sa manhajar ta riƙa tambayar sabar ko ta tsufa da yawa, ta tilasta sabuntawa. A nan React Native tana da sauƙi, domin EAS Update na tura gyaran JavaScript ba tare da an bi ta Play ba. Flutter ba ta zo da wannan ba, sai ta hanyar Shorebird, wanda kamfani ne daban.

Sadiq_Fagge
Na gode ƙwarai, malamaina. Abin da na tsayar yanzu shi ne zan fara gyara sabar kamar yadda Malam Nura ya nuna, in kuma gaya wa mai kayan a jinkirta batun iPhone. Zuciyata ta fi karkata ga Expo saboda hujjar Injiniya ta harshe ɗaya, amma ina tunanin in gina shafi ɗaya, wato jerin kaya da ɗaukar hoto, da kowane ɗaya cikin biyun, in gwada a wayar ɗaya daga cikin yaran kafin in yanke.

Injiniya_Bashir
Gwajin ba zai yi adalci ba, Malam Sadiq, domin za ka kwatanta React da ka ƙware a kanta ne da Dart ta ɗan koyo. In dai za ka yi, ka tabbata ka haɗa duka biyun a sigar fitarwa, saboda sigar gwaji ta kowannensu tana da nauyin da zai ba ka sakamakon ƙarya.

Auwal_PHP
In har iPhone ta fita daga lissafi, to ƙa'idar Apple ma ta fita, kuma ina roƙon a sa Capacitor ya zama na uku a gwajin. Shi ne kaɗai ba sai ka sake rubuta shafin ba.

Maryam_Kd
Ni ina goyon bayan gwajin, kuma in ka zo ɓangaren Flutter ka turo kod ɗin in duba maka shimfiɗar, domin kada rashin sabo ya sa ka yanke mata hukunci. Ka fara tambayar mai kayan wace irin firinta yake da niyyar saya, ka nemo ƙunshin da ke magana da ita a pub.dev da npm, wato ma'ajiyar ƙunshin kod ta Dart da ta JavaScript, ka ga wanne ne har yanzu ake kula da shi.